Yadda Ake Tayar da Yis Kafin a Kwaɓa Fanke

Idan kwaɓin fanke ya ƙi tashi, mai tuya takan ɗora wa fulawa laifi. Sau da yawa fulawar ba ruwanta, ruwan da aka jiƙa yis ne ya yi ɓarnar. Garin yis ɗin nan mai launin ƙasa-ƙasa abu ne mai rai, busar da shi aka yi ya yi barci. Irinsa ne ke tayar da burodi, shi ne kuma ke sa giya kumfa, abin da ya sa masu dafa giyar dolo a Burkina ke shanya nasu su ajiye don dahuwa ta gaba.

Ki fara da awo. Kilo ɗaya na fulawa, cokalin shayi uku na yis ya ishe shi, wajen giram 10 ke nan. Ruwan jiƙo kuwa rabin kofi, a kwano mai tsabta wanda babu maiƙo ko sabulu a jikinsa.

Sai batun ɗumi, nan ne aikin yake. Ana son digiri 35 zuwa 40, kusan ɗumin jikin mutum. Ba sai kin nemi ma'auni ba: ɗiga ruwan a cikin wuyan hannunki. In kin ji shi kamar ruwan wankan jariri, ya yi. In kin janye hannu, ya yi zafi, kuma daga digiri 55 zuwa 60 yis mutuwa yake yi, ba ya dawowa. Kada ki gwada da yatsa, don yatsan da ya saba da murhu ƙarya yake yi.

Sanyi ma yana da tasa illar, wadda mutane suka fi rainawa. Da asubar hunturu ruwan randa a Arewa sai ka rantse ƙanƙara aka jefa masa. Busasshen yis in ya faɗa irin wannan ruwa, ƙwayoyinsa sukan tsiyayar da abin cikinsu kafin su farfaɗo, kwaɓi ya yi ta nawa, ya saki jiki. Maganinsa: ludayi ɗaya na tafasasshen ruwa, ludayi uku na randa, ki gauraya, ki gwada a hannu. Da bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu, kada ki kusanci wuta. Ruwan inuwa ya wadatar. Na jarkar da ta wuni a rana shi ne abin tsoro, ki bar shi ya huce.

Yanzu barbaɗa yis a saman ruwan a hankali, kada ki zuba shi dunƙule. Ki bar shi minti biyar ba motsawa, sannan ki sa sukari rabin cokali, ki juya sau ɗaya, ki rufe da faifai. Bayan minti goma ki buɗe. Mai rai zai yi kumfa mai kauri kamar ta saman gilashin shayi, da ƙamshin sabon burodi. In ruwan ya kwanta shiru, zubar da shi. Asarar cokali uku ta fi asarar kilo guda sauƙi.

Wani zai ce irin su Saf-Instant, na kamfanin Lesaffre na Faransa, ba sa bukatar jiƙo, cikin fulawa ake zuba su kai tsaye. Gaskiya ne, in ke kika fasa fakitin da hannunki. Amma wanda aka ƙulla miki a leda a tebur, ba ki san kwana nawa ya yi yana shan iska ba, don haka ni dai sai na gwada.

Gishiri ki gauraya shi da fulawa tukuna, kada ya haɗu da yis a kwanon jiƙo. Ragowar yis ɗin kuma ki juye a kwalba busasshiya mai murfi, ki ajiye a lungun ɗaki mafi sanyi, nesa da murhu da laimar gindin randa.