Wasan Dammam

A shekarar 1989 Saudiyya ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙasashe 16 suka halarta, aka buga wasannin a Riyad da Jidda da Ɗa'ifa da Dammam.

A Dammam ne Nijeriya ta kara da Tarayyar Sobiyet, a zagayen da duk wanda aka ci sai ya koma gida. Sobiyet ta zura ƙwallo huɗu, Nijeriya kuwa ko ɗaya. Amma yaran ba su karaya ba. Cikin rabin awa na ƙarshe suka rama duka huɗun, sannan suka yi nasara a bugun fanareti. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Daga nan suka doke Amurka, amma a wasan ƙarshe Fotugal ta ci su 2 da nema.

Tambayoyi
1. Ƙasashe nawa suka halarci gasar?
2. Mene ne ma'anar karin maganar da ke cikin labarin?