Amosanin Jini: Yadda Tarago Ɗaya Ke Sauya Jirgi

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da wani sinadari da masana ke kira furotin. Shi kuwa furotin ana haɗa shi da waɗansu ƙananan sinadarai iri 20, waɗanda ake kira amino asid. Wanda ya taɓa tsayawa a Ebute Metta, hedikwatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, ya ga yadda ake sarƙa tarago da tarago, to, haka ake sarƙa su. Gajeren jeri shi ne feftaid, dogo kuwa shi ne furotin. Yadda aka jera su shi ke ba kowane furotin siffarsa da aikinsa.

Ina aibin yake?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna hemogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina cikin jiki. Jeri huɗu gare shi: biyu masu amino asid 141, biyu masu 146. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano a Kambirij ta Ingila cewa ga masu amosanin jini, watau sikila, tarago ɗaya tak aka sauya. A gurbi na 6 na dogon jerin, balin ne ya maye gurbin gilutamik asid. Wannan kaɗai ke sa hemogulobin ya dunƙule idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci.

Yaya ake ganewa?

Gilutamik asid yana ɗauke da cajin lantarki, balin kuwa ba shi da shi. Tun 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ana iya rarrabe hemogulobin ɗin biyu da lantarki. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan ɗiga jini a kan wata takarda mai laima, sa'an nan ya sakar mata lantarki. Lafiyayyen hemogulobin, wanda ake kira A, yakan yi gaba da sauri, mai aibin kuwa, watau S, sai ya rage a baya. Layi ɗaya a gaba, AA ke nan. Layi biyu, AS. Layi ɗaya a baya, SS.

Abin da ya wajaba a kan jama'a

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Mai AS lafiyarsa lau, ba a gane shi da ido. Amma idan AS ya auri AS, to, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ba maita ba ce, ba kuwa laifin uwa ita kaɗai ba ne, gado ne daga iyaye biyu.

Saboda haka lalle ne saurayi da budurwa su yi gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024. Mazauna Legas, daga Agege har Ebute Metta, suna iya neman shawara a asibitin gwamnati mafi kusa, ko a Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya sanar da likita, domin jinin wani yana rikita sakamako. Yaron da aka haifa da cutar kuwa a kiyaye shi daga zazzaɓin cizon sauro da sanyi, a riƙa ba shi ruwa isasshe, a kai shi asibiti a kan kari. Rigakafi ya fi magani.