Ɗan Akwatin Takarda Don Malamar Ɗanku a Amurka

Wanda ya taso yana kai wa malamin allo kuɗin Laraba ya san kyautata wa malami ba baƙon abu ba ne. A Amurka ma ana yi, sai dai da lokacinsa da iyakarsa. Cikakken mako na farko na watan Mayu shi ne makon karrama malamai, Talatarsa kuwa ranar malamai ce ta ƙasa. Iyaye kan kuma miƙa ɗan abu gab da hutun Disamba da ƙarshen shekarar karatu.

Kada ku ɗauka tsada ce ke nuna girmamawa. A jihar Massachusetts doka ta hana ma'aikacin gwamnati, har da malamin makaranta, karɓar kyautar da ta kai dala 50. Tsabar kuɗi a ambulan kuwa nauyi za ta ɗora wa malama. Shi ya sa nake son akwatin da yaro ya haɗa da hannunsa.

Ku sayi takarda mai kauri a Walmart ko Michaels, da gam da almakashi da rula. A yanka ta murabba'i, inci 8 kowane gefe. A ja layi inci 2 daga kowane baki, sai a bi layukan da bayan almakashi a danne, don ninkin ya fita tsaf. A kowace kusurwa za a ga ɗan murabba'i: a tsaga gefe ɗaya nasa kawai, a ɗaga bangayen, a shafa wa kunnuwan da tsagar ta bari gam a manne su ta ciki. Murfi haka ake yinsa, amma da takarda mai inci 6 da kwata, layi inci 1 daga baki, don ya zauna ba matsi. Ado na yaro ne. Ku bar shi ya zana dagi ko fure, ko da layin ya karkace.

Abin zubawa ciki shi ke buƙatar hattara. Ƙuli-ƙuli da alewar gyaɗa su zauna a gida. Akwai yaran da ɗan ɓurɓushin gyaɗa kan toshe musu numfashi, har makarantu da yawa sun hana shiga da ita aji. Wasu makarantun ma ba sa son abincin da aka dafa a gida, sai na kanti mai rubutun abin da ke ciki. Ku tambayi ofishin makaranta tukuna. Dabino a ledarsa ta kanti, da ƙunshin ganyen shayi biyu, sun wadatar.

A cikin murfin, yaro ya rubuta sunan malamar yadda ake kiranta a aji, da abu guda da ya koya a wurinta bana, ya sa sunansa a ƙasa. Da safe shi zai miƙa mata, da hannu biyu, yadda aka koya masa a gida.