Yadda Yaro Yake Koyon Hawan Doki

Ran Hawan Daushe a Kano, in ka ga yaro ɗan shekara 12 bisa ingarma, ya sako sukuwa sa'an nan ya ja linzami ya tsaya cak, sai ka yi tsammani da iyawarsa aka haife shi. Ba haka ba ne. Wannan yaro ya daɗe yana shan wuya a inda ba mai kallo.

Darasi na farko ba a bisa doki ake yinsa ba, a gindin turke ake yi. Yaro zai yi makonni yana share barga, yana kai dusa da harawa da ruwan kanwa, yana goge wa doki jiki. A nan doki yake sanin muryarsa da warinsa, shi kuma ya san halin doki. Zai gane cewa in doki ya kwantar da kunnuwa baya, to fushi yake yi, kuma ba a zuwa masa ta baya shiru, don gudun harbi.

Na biyu shi ne ɗaura kaya. Za a nuna masa yadda ake shimfiɗa zubuka, a aza sirdi, a ja majanyi ya kamu sosai. Majanyi sako-sako ya kayar da manya ma, balle yaro.

Sai a zo ga hawa. Akan zaɓo doki mai shekaru, mai sanyin hali, domin sabon mahayi da sabon doki ba sa haɗuwa. Yaro zai hau ta hagu, wani babba yana riƙe da ragama yana jansa a hankali. Abin da ake koya masa a nan zama ne, watau ya miƙe bayansa, ya kama doki da cinyoyinsa, ya lura kada ƙafarsa ta maƙale a likkafa, domin wanda ya faɗi ƙafarsa na ciki, doki janye shi yake yi a ƙasa.

In zama ya yi kyau, sai a sakar masa kamazuru. Nan ne wurin da ya fi wuya. Mai tsoro yakan rataya a jikin linzami kamar igiyar guga, ga shi kuwa linzamin ƙarfe ne a cikin bakin dabba. In aka fizge shi da ƙarfi, doki yakan ji zafi ya yi tabarya ko tutsu. Saboda haka gwanaye suke auna mahayi da taushin hannunsa, ba da ƙarfinsa ba.

Daga tafiya sai sassarfa, wadda take girgiza sabon shiga har ya kwana da ciwon cinya. Daga nan a riƙa fita kilisa da shi da yamma bayan gari. Sukuwa ita ce ta ƙarshe, kuma ba a yarda masa ya yi ta sai ya iya tsayar da doki a inda aka ce ya tsayar.

Ina roƙon iyayenmu, kada sha'awar ganin ɗansu cikin ado ran Salla ta sa su ɗora shi bisa dokin aro alhali bai taɓa riƙe kamazuru ba. Doki yakan firgita da kalangu da ƙarar bindiga, kuma karaya ba ta san ɗan wane ba. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, mu tuna sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya raina sharar barga bai isa hawan Salla ba tukuna.