Shaidar "Na Sha Na Warke": Yadda Ake Auna Ta

 

'Yan'uwa masu gida, darasinmu na yau a kan shaidar magani ne. Kullum saƙon murya na yawo a wayoyinmu: wance ta shafa kaza ta warke, wane ya sha kaza ya miƙe. In cutar ta gama-gari ce kamar mura ko basir, kana da mutum ɗari da za ka tambaya. To amma akwai cutar da sai a shekara ba a ga mai ita a unguwa ba. A nan ne shaidar mutum ɗaya take yin nauyin da ya fi ƙarfinta.

Mu ɗauki misali da ciwon noma. Sunan bai da alaƙa da noman gona. Wasu kan ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda ƙyanda ta kayar. Yana farawa da kumburin dasashi da jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya huje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na rasuwa. A Disambar 2023 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Yanzu yi lissafi da ni. A ce yara goma sun kamu, duka an shafa musu haɗi iri ɗaya, tara suka rasu, ɗaya ya tashi. Uwar wanda ya tashi ita ce za ta yi saƙon murya tana sa albarka, kuma ba ƙarya take ba, abin da ta gani ta faɗa. Iyayen taran fa? Suna zaman makoki, ba mai ɗaukar muryarsu. Ka ji shaida ɗaya, tara ba su iso kunnenka ba, alhali ko ba a shafa komai ba ɗayan nan zai iya tashi.

Ba cewa nake labarin marar lafiya ɗaya banza ne ba. A 1981 rahoton samari biyar a birnin Los Anjeles na Amurka ne ya fara ankarar da likitoci cutar ƙanjamau. Labari irin wannan yana buɗe ƙofar bincike, amma ba ya yanke hukunci.

Magabatanmu sun san da haka. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadi, kuma Suratul Hujurat ta hore mu da tantance labari. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza, yakan rubuta halin majinyatansa ɗaya bayan ɗaya, har ya taɓa yi wa wasu magani ya bar wasu don ya kwatanta. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗa bakwai na gwada magani a littafinsa Al-Ƙanun. Daga ciki akwai cewa maganin ya zama ba gauraye, kuma amfaninsa ya riƙa maimaituwa.

Saboda haka duk shaidar da ta zo maka, yi mata tambaya biyar:

1. Wa ya tabbatar da cutar? Ba kowane gyambon baki ne noma ba. Mai yiwuwa abin da ya warke dama mai warkewa ne da kansa.

2. Wa ya ruwaito? Majinyacin ne, ko "an ce", ko mai sayar da maganin?

3. Me aka haɗa da shi? In yaro na shan maganin asibiti ana kuma ba shi zuma, ba ka da hujjar ba wa zuma ladan ita kaɗai.

4. Mutum nawa suka gwada, nawa ba su dace ba? Wanda ba ya iya faɗa maka waɗanda bai yi nasara a kansu ba, bai gama ba ka labari ba.

5. Bayan wata shida yaya ake ciki? Sauƙin kwana uku daban, waraka daban.

Ni mai maganin gargajiya ne, ina ba da zuma da habbatus sauda a inda suka dace. Amma ciwon noma ba ya jira. A farkonsa maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi da izinin Allah. In ka ga ɗanka da warin baki mai tsanani, dasashi na jini, kunci ya fara kumbura, kar ka kwana kana gwaji. Na Gwaram da Sara da Basirka ku nufi babban asibitin Gwaram, na Birnin Kudu ga asibitin tarayya nan kusa. Wanda ciwon ya riga ya ɓata wa fuska, akwai asibitin yara masu noma a Sakkwato tun 1999, ana yin tiyatar gyara kyauta. Kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kar a ƙyamaci yaron ko a ɓoye shi a ɗaki.

Uwargida, riƙa buɗe bakin yaro kina dubawa, a goge masa haƙora, a kai shi rigakafin ƙyanda. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Kafin ka tura wata shaida gaba, tuna wani zai iya jinkirta kai ɗansa asibiti saboda ita, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Wallahu a'alam. A tura wa 'yan'uwa, musamman masu ƙananan yara.