Hasken Maƙesu da Garaɓasar Wayar Salula

Duk wanda ya taɓa ratsa fadamun Maruta ko na Gwaram da daddare a tsakiyar damina ya san maƙesu, ɗan ƙwaron nan da ke walƙiya cikin duhu kamar tartsatsin wuta. Yara kan ɗauka wasa yake yi, amma a wurin masana kimiyyar halittu wannan haske magana ce. A jinsuna da yawa namiji ne ke shawagi yana ƙyafta haskensa da wani tsari na musamman, mace kuwa tana laɓe a kan ciyawa. Idan ta gane tsarin na jinsinta ne, sai ta amsa bayan wani ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma da wannan amsa namijin ke sanin inda take ya sauko.

A shekarar 1965 wani masani Ba'amurke, James Lloyd, ya bayyana wani al'amari mai ban al'ajabi. Macen wani jinsi da ake kira Photuris tana kwaikwayon amsar macen wani jinsi daban mai suna Photinus. Namijin Photinus ya ga haske, ya zaci abokiyar aure ce, yana sauka sai ta cafke shi ta cinye. Daga baya, a 1997, Thomas Eisner da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka gano cewa ba nama kaɗai take samu ba, har da wani sinadari mai guba da ke jikin namijin, wanda ke kare ta daga gizo-gizo. Abin lura a nan shi ne, namijin da aka cinye ba wauta ya yi ba. Ƙa'idar da ya bi, wato sauka inda aka amsa masa daidai, ita ce ta raya jinsinsa tun fil azal. Mafarauciyar ba ta ƙirƙiro sabuwar alama ba, ta ari wadda aka riga aka amince da ita ne kurum.

A kan wannan turba damfarar wayar salula take tafiya.

Yadda ake ɗana tarkon

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma cikin shekaru ashirin ta isa ƙauyukan da ko wutar lantarki ba ta wadata ba. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira, ya tilasta wa manomi da ɗan kasuwa da ba su taɓa sha'awar banki ba buɗe asusun ajiya. Yau mutumin da ya kai riɗi ko shinkafa kasuwar Sara ba lallai ne ya koma gida da kuɗi a aljihu ba, suna cikin wayarsa. Inda abinci ya taru kuwa, can mafarauci ke zuwa.

Saƙon kan zo ta WhatsApp ko Facebook ɗauke da tambarin wani kamfanin sadarwa, ko banki, ko ma'aikatar gwamnati. Yakan ce ana rabon data kyauta domin bikin cikar kamfani wasu shekaru, ko tallafin azumi, ko kuɗin rage raɗaɗi. An ga yawaitar irinsa a lokacin kullen korona a 2020, aka kuma sake gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, domin a lokutan nan biyu jama'a na sauraren tallafi na gaske. Wanda ya latsa adireshin da ke cikin saƙon zai tarar da shafi mai tambayoyi uku ko huɗu marasa wuya, sa'an nan a nuna masa akwatuna ya zaɓi ɗaya. An tsara shafin ta yadda kowa zai ci. A ƙasa kuma ga jerin sunaye da hotunan mutane suna godiya wai sun karɓi nasu, alhali duk rubutun mai shafin ne. Daga nan sai sharaɗi: a tura saƙon zuwa zauruka biyar ko abokai ashirin, a cike suna da lambar asusu da lambar BVN, wani lokaci kuma a biya ɗan "kuɗin rajista".

Wannan sharaɗi na turawa shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma duk ɗalibin da ya karanci yaɗuwar cututtuka zai gane shi nan take. Cuta tana bunƙasa ne idan kowane mai ɗauke da ita ya harbi fiye da mutum ɗaya. A ƙaddara mutum ɗaya ya tura wa ashirin, biyu kacal daga cikinsu suka sake turawa. A zagaye na goma masu turawa sun haura dubu. Bugu da ƙari, saƙon ba daga baƙo yake isowa ba. Daga ƙanin mahaifi yake zuwa, ko daga zauren tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ko na 'yan unguwa. Amincin zumunci shi ne hasken da ɗan damfara ya ara. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, ya ƙara matsawa a 2020, wanda ya yi kama da killace masu cuta: yana rage gudu, ba ya kashe ƙwayar.

Me ya sa mai hankali ke faɗawa?

Akwai amsa a cikin ƙwaƙwalwa. Binciken da Wolfram Schultz ya yi a kan birai, wanda ya shahara a 1997, ya nuna cewa ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarin dofamin sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato ba tsammani. Idan kuma dabba ta koyi cewa wata alama tana gabatar lada, motsin yakan koma kan alamar kanta tun kafin ladan ya iso. Kalmar "ka ci kyauta" irin wannan alama ce. Sai ɗan damfara ya haɗa ta da gaggawa, ya ce saura mutum goma, ko garaɓasar za ta rufe cikin minti biyar, domin kada a sami sararin tambayar wani.

Mai karatu zai iya cewa ai saƙonnin nan cike suke da kurakuran rubutu da alkawuran da hankali ba zai ɗauka ba. Haka ne, kuma wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayani mai gamsarwa a kan haka a 2012. Tura saƙo ga dubban mutane ba ya cin komai, amma zama ana lallashin mutum ɗaya a waya yana cin lokaci. Don haka ƙarya mai girma rariya ce: tana tankaɗe masu shakka tun da wuri, ta bar waɗanda suka fi yiwuwar biya. Wanda ya amsa saƙo, ko da zagi ne, ya shaida wa mai tarko cewa layin yana da rai.

Bayan an sami lambobin mutum, mataki na biyu shi ne kira. Mai kiran yakan ambaci cikakken suna da bankin mutum, abin da wanda aka kira ya manta shi ya rubuta da hannunsa a shafin garaɓasa makonni biyu da suka wuce. Zai ce an turo wasu lambobi shida, a karanto masa domin a saki kyauta, ko a gyara asusu, ko a shigar da mutum wani taro. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin. Idan na banki ne, kuɗi sun tafi. Idan na WhatsApp ne, an ƙwace shafin, kuma kafin gari ya waye an roƙi dangin mutum rance da sunansa. Jama'a kan kira wannan sana'a "419", daga sashen kundin laifuffuka na Kudancin ƙasar nan, ko da yake kundin Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya ajiye laifin zamba a sashe na 320.

Kiran talla da lambar 2442

Ba kowane kira da ba a nema ba ne damfara. Akwai saƙonnin talla na halal, na waƙar kira da gasa da inshora, waɗanda ke damun mutum yana salla ko yana barci. Amma illarsu ta wuce damuwa. Kamar yadda maciji ke sajewa cikin ciyawa mai duhu, haka saƙon ɗan damfara ke ɓuya cikin tarin tallace-tallace, har ido ya gaji da tantancewa.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da tsarin hana damuwa a 2016. Wanda ya aika kalmar STOP zuwa 2442 ya toshe saƙonnin talla daga kamfanin layinsa. Wanda ya aika HELP zai ga rukunoni kamar ilimi, lafiya, wasanni da addini, ya bar wanda yake so. STATUS kuma na nuna matsayin layi. Ba a cire ko kwabo. Idan kamfani ya ci gaba da damun mutum bayan ya kai ƙara gare shi, akwai lambar 622 ta hukumar, ita ma kyauta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ba ɗan ƙasa ikon ƙin yarda a yi amfani da bayanansa domin talla.

Sai dai a fahimci iyakar wannan tsari. Yana ɗaure kamfani mai lasisi ne, wanda ke tsoron tara. Ɓarawon da ke kira da layin da aka yi wa rajista da sunan wani ba ruwansa da 2442. Amfanin lambar shi ne share ciyawa, ta yadda duk saƙon garaɓasa da ya shigo bayan haka zai fito fili a matsayin abin tuhuma. Haka kuma ba ta hana kiran nan na ƙasashen waje da ke ƙara sau ɗaya ya katse, wanda Japanawa suka laƙaba wa suna wangiri. Burinsa a bi kiran, a faɗa layi mai tsada da ke zuƙe kati. Maganinsa kada a bi.

An lura cewa mazan maƙesu da yawa ba sa faɗawa kai tsaye kan hasken da ya amsa musu. Sukan sauka ɗan nesa su ƙarasa a hankali. Kwatankwacin wannan ga mai waya shi ne tabbatar da labari ta wata hanya daban da wadda ya zo. Idan an ce daga banki ne, a kashe wayar, a kira lambar da ke bayan katin cirar kuɗi, ko a taka zuwa reshe a Birnin Kudu ko Dutse. Lambar da ta bayyana a fuskar waya ba hujja ba ce, domin akwai na'urorin da ke canza ta. Babu bankin da ke neman lambar sirri ta waya, kuma kyautar da sai an biya kafin a karɓa ciniki ne. Mai WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke hana ɓarawo shiga ko da ya sami lambobi shidan. Wanda ba ya karatu kuma yake miƙa wayarsa ga mai POS ko wani yaro ya duba masa saƙo, ya riƙe lambar sirrinsa a ka, ya danna da hannunsa.

Idan kuwa an riga an bayar, mintuna ne ke da daraja, domin ɓarayin kan rarraba kuɗin zuwa asusu da dama cikin ɗan lokaci. Bankuna na da gajeruwar lamba ta toshe asusu wadda ake iya dannawa ko da wayar maƙwabci, kuma ya kamata a rubuta ta a takarda tun kafin ranar buƙata. Bayan toshewa sai a sanar da banki a rubuce, a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC tare da lambar da ta yi kira da lambar asusun da kuɗin suka shiga, sa'an nan a koma kowane zaure da aka tura saƙon a shaida musu cewa na bogi ne.