Farin Tabo a Goshi da Ƙari a Tumbi: Abin da Ɓera Ya Koya wa Likitoci

Mu da aikinmu yake duba yankin tsoka a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, akwai wata ƙwayar gado da muke ambata kusan kullum, sunanta KIT. Ina ganin ya kamata mutanen cikin birni su san ta, domin rashin saninta yana jawo kuskure biyu: ana ƙyamar wanda lafiyarsa ƙalau, ana kuma sakaci da wanda ciwo yake ci a ɓoye.

A jikin ɓera aka fara gane aikinta. Shekaru da dama masu bincike suna ganin wasu ɓeraye da farin tabo a ciki, waɗanda abin ya tsananta a kansu kuma ga ƙarancin jini, ga rashin haihuwa. Sai a 1988 aka tabbatar cewa wannan ƙwayar gado ta KIT ce ta haɗa waɗannan matsaloli. Furotin ɗin da take ƙerawa yana zaune ne a bangon ƙwayar halitta, kansa a waje, jelarsa a ciki, kamar sarkin ƙofa a bakin ganuwa: saƙo ya iso daga waje, shi kuma ya sanar da na ciki su rayu, su hayayyafa, ko su yi ƙaura. Ƙwayoyin da suke ba fata launi, da masu samar da jini a ɓargo, da na haihuwa, da masu tsara motsin hanji, duk da shi suka dogara.

Idan furotin ɗin ya yi rauni, ƙwayoyin launi ba sa kaiwa wasu sassan fata tun jariri yana ciki. A 1991 aka nuna haka a jikin mutum. Shi ne yaron da ake haifa da farin gashi a gaban goshi da fararen tabo a ƙirji, ciki ko gwiwa. Wannan ba kuturta ba ce. Tabon kuturta daga baya yake fitowa, wurin kuma yakan mutu har a taɓa ba a ji ba. Wannan kuwa da shi aka zo duniya, ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa ta cin abinci ko musabaha. Ba zabiya ba ne kuma, kuma ba auren zumunci ne ya kawo shi ba, domin daga mahaifi ɗaya ma ana gadonsa, kowane ciki rabi da rabi ne. Jiƙe-jiƙen da ake saye a Kasuwar Kurmi ba za su dawo da launin da ba a taɓa shukawa ba. Abin da wurin yake buƙata kawai shi ne kariya daga zafin rana.

Idan kuwa furotin ɗin ya maƙale a kunne, saƙo ya zo ko bai zo ba, sai ƙwayoyin su yi ta ninkuwa. Masu bincike a Japan suka nuna a 1998 cewa haka wani ƙari na tumbi da hanji mai suna GIST yake samuwa, kuma mafi yawan masu shi a wannan ƙwaya matsalarsu take. Alamunsa na yaudara ne: ciwon ciki, saurin ƙoshi, kasala, baƙin bayan gida kamar kwalta. A gari irin namu da kowane ciwon ciki olsa ake kiransa, mutum sai ya shekara yana sayen magani a kemis. Abin takaicin shi ne ciwon yana da magani. Imatinib, da ake sayarwa da sunan Glivec, yana toshe wannan furotin, kuma an amince da shi don GIST a Amurka a 2002. A Nijeriya an fara ba da shi kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife tun 2003. Sai dai ba a ba da shi da ka. Sai an ɗebi tsokar an yi mata gwajin CD117, wanda shi ne wani sunan furotin ɗin KIT.

Wani zai ce ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, ga shi ma mai farin goshi yana haihuwa, jininsa kuma lafiya, saɓanin ɓerayen da abin ya yi wa tsanani. Amma ɓeran ne ya nuna inda za a duba, aka duba a mutum aka samu. Wani kuma zai ce zazzaɓin cizon sauro da sikila sun fi damun Kano. Haka ne, ba na neman a karkatar da kuɗinsu. Sanin bambancin tabo da kuturta ba ya cin ko kwabo. Masu tsoron cewa farin tabo zai rikiɗe ya zama ƙari su kwantar da hankali: na farko rauni ne da aka gada, na biyu kuwa galibi a tsokar tumbi ko hanji kaɗai yake aukuwa bayan girma, galibi kuma ba a gadar da shi ga 'ya'ya.

Duk wanda ya haura arba'in, olsarsa ta ƙi jin magani, ko ya ga baƙin bayan gida, ya je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya nemi a leƙa cikinsa da na'ura. In an yi masa aiki an ciro ƙari, kada dangi su bari a binne tsokar, a kai ta ɗakin gwaji.